Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Sigarin Da Ba Ta Wari

Mai girma Ministan Lafiya da Walwalar Jama'a,
Farfesa Muhammad Ali Pate,

 

Ranka ya daɗe, ni malamin makarantar sakandare ne a Kano, kuma a cikin durowar teburina akwai wani abu da ya sa na ɗauki alƙalami. Rawaya ne, bai fi tsawon yatsa ba, da farko na ɗauka irin abin nan ne da ɗalibai ke shafa wa rubutu launi. A hannun wani yaro ɗan shekara 16 na karɓe shi, a bayan ajujuwa, lokacin tara. Babu ashana, babu toka, babu guntu a ƙasa. Abin da ya tona masa asiri ƙamshin mangwaro ne a watan da babu mangwaro a kasuwa. Da na tsare shi, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai ba sigari ba ce, bef ne. Tururi ne kawai, kuma Turawa sun ce ba ya illa." A jikin abin an rubuta cewa nikotin ɗinsa kashi 5 ne cikin ɗari, kuma yana ba da zuƙa 5000.

A makon ne kuma yayana ya dawo daga Legas. Direban babbar mota ne, ya haura shekara talatin yana shan kwali guda a rana, kuma duk wanda ya kwana a gidanmu ya san tarinsa na asuba kafin ya ji kiran salla. Ya ce wani abokin aikinsa ya bar sigari ya koma ta lantarki, wato bef, yanzu har yana hawa bene ba ya haki. Ya tambaye ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan, tsakanin biyun wacce ta fi illa.

Tambaya ɗaya ce daga bakin mutum biyu, amma na ga cewa idan na ba su amsa iri ɗaya na cuci ɗaya daga cikinsu. Tsorona shi ne kada ma'aikatarka ta faɗa wannan tarko, ko dai ta ce duk kanwar ja ce, ko kuma ta kwafo matsayin wata ƙasa da ciwonta ba irin namu ba ne.

Bari in fara da ta yayana, domin ita ce mai sauƙi. Kai likita ne, ba zan koya maka karatu ba, amma wasiƙar buɗaɗɗiya ce, akwai masu leƙe. Matsalar sigari wuta ce. Idan ganyen taba ya ƙone, hayaƙinsa na ɗauke da sinadarai sama da 7000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai kwalta da ke manne wa huhu, akwai kuma iskar gubar nan, irin wadda janareto ke fitarwa ta kashe iyali guda a ɗaki cikin dare, sai dai ta sigari kaɗan-kaɗan take shiga jini. Tun 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka nuna alaƙar sigari da kansar huhu a Ingila, daga nan aka bi likitocin ƙasar har na tsawon shekara hamsin. Abin da aka gano shi ne mai shan sigari yana rasa kimanin shekara goma daga rayuwarsa, kuma kusan rabin waɗanda ba su daina ba ita ce ke ajalinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa mutum miliyan bakwai zuwa takwas a kowace shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa kara a baki ba, hayaƙin miji ko na uba ko na abokin aiki suka shaƙa.

A 1976 wani likitan Ingila, Michael Russell, ya yi nuni da cewa nikotin ne ke jan mutum zuwa sigari, amma kwalta ce ke kashe shi. A kan wannan tunani aka gina sigarin lantarki. Wanda ya ƙera irin ta zamani a 2003, Hon Lik, mai harhaɗa magunguna ne ɗan ƙasar Sin, mashayi ne shi kansa, kuma kansar huhu ce ta kashe mahaifinsa. Batir ne ke ɗumama wata 'yar waya, wayar ta ɗumama ruwa mai ɗauke da nikotin da ɗanɗano, sai ya tashi kamar hazo a zuƙa. Babu ƙonewa, don haka babu kwalta, babu iskar janareto. Gwaje-gwajen da aka yi a jini da fitsarin waɗanda suka bar sigari kwata-kwata suka koma wannan sun nuna gubobi da yawa sun ragu ƙwarai. Duk wanda ya ce wa yayana illarsu ɗaya bai faɗa masa gaskiya ba, kuma ƙaryar za ta iya zaunar da shi a kan kwalinsa har kabari.

Akwai ma hujjar cewa tana taimakawa wajen dainawa. A wani gwaji da aka buga a 2019 a Ingila, an raba mashaya 886 gida biyu. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda aka ba sigarin lantarki sun bar taba, a ɓangaren waɗanda aka ba cingam da filastar nikotin kuwa kusan kashi 10 ne. Sai dai akwai wutsiyar labarin da masu talla ba sa karantowa: a cikin waɗanda suka daina ta hanyar lantarkin, takwas cikin goma suna nan suna zuƙarta bayan shekarar. Sun rabu da hayaƙi, ba su rabu da nikotin ba. Ga mutum irin yayana wannan ciniki ne mai riba duk da haka, amma da sharaɗi mai nauyi, wato ya bar sigarin gaba ɗaya. Wanda ke zuƙar bef a gida ya kunna kara a tasha bai tsira ba. Wani nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya tak a rana na ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da ke kan mai shan ashirin.

Yanzu ga maganar ɗalibina, cewa Turawa sun ce ba ya illa. Na san inda ta samo asali. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce sigarin lantarki ta fi ta ganye sauƙin illa da kusan kashi 95 cikin ɗari. Wannan adadi ya zaga duniya, ya shiga bakin kowane ɗan kasuwa. Amma ba daga ƙirga marasa lafiya ko gawarwaki ya fito ba. Ƙiyasi ne na wasu masana goma sha biyu da suka zauna suka auna ra'ayinsu, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta soki raunin hujjar tun a shekarar. Ko da ma adadin daidai ne, a duba da me aka kwatanta. Abin da ke kashe rabin masu amfani da shi ne ma'aunin. Faɗowa daga kan katanga ya fi faɗowa daga kan rimi sauƙi nesa ba kusa ba, amma ban taɓa jin uban da ya ce wa ɗansa ya hau katanga ya diro don haka ba.

Abin da yaron ke kira tururi ba tururin tukunya ba ne. Ƙananan ɗigo ne na sinadarai da ke kaiwa can cikin huhu. Idan wayar ta yi zafi da yawa, ruwan na rikiɗewa ya fitar da irin sinadarin da ake adana gawa da shi, kuma an sami ɓurɓushin ƙarafa, har da dalma, a hazon wasu na'urorin. Kayan ɗanɗanon kuwa, yawancinsu an amince da su ne don ci, ba don shaƙa ba, kuma ciki da huhu ba ɗaya ba ne: ruwan da ke kashe ƙishi shi ne ke kashe mutum idan ya bi ta maƙogwaron iska. Sannan akwai lokaci. Sigari ta yi shekaru ashirin zuwa talatin tana yaɗuwa a Turai da Amurka kafin kansar huhu ta cika asibitoci. Sigarin lantarki duka-duka shekara ashirin da 'yan kai gare ta, kuma yaran da suka fara ta ba tare da sun taɓa shan taba ba har yanzu ba su kai shekarun da irin waɗannan cututtuka ke bayyana ba. Su ne gwajin.

A nan zan ɗan ratse, domin gaskiya ɗaya ce ko ta wane ɓangare ta faɗo. Masu adawa da bef sukan kawo abin da ya faru a Amurka a 2019 zuwa farkon 2020, lokacin da aka kwantar da mutum sama da 2800 da ciwon huhu, 68 suka mutu. Binciken hukumomin can ya gano cewa babban musabbabin wani mai ne da ake gauraya wa ruwan wiwi na bayan fage, ba ruwan nikotin na kanti ba. Bai kamata a yi wa jama'a ƙarya da shi ba. Darasin da ke ciki namu ne ta wata fuskar: abin da aka zuba a cikin na'urar shi ne magana, kuma a kasuwar da babu mai dubawa, komai na iya shiga. Ƙasar da ke fama da jabun maganin zazzaɓin cizon sauro ba ta da dalilin yarda da abin da aka rubuta a jikin kwali.

Shi kansa nikotin, ko da ba shi ne ke kawo ciwon daji ba, ba ɗan goyo ba ne. Yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini, yana cutar da jaririn da ke ciki, ruwansa guba ne ga ƙaramin yaron da ya kurɓa, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Wanda ya saba da shi yana ɗan 16 ya kama da wuya ya saki. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Da can ɗacin hayaƙi da tari da jiri kan kori yara da yawa tun a karan farko. A 2015 kamfanin Juul na Amurka ya fito da wani nau'in nikotin mai laushi a maƙogwaro, ta yadda ɗan kwanso guda ke ɗauke da kwatankwacin nikotin ɗin da ke cikin kwalin sigari amma ya wuce sumul. Zuwa 2019, fiye da kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban manyan sakandaren Amurka na zuƙa. Abin da ke durowata kashi 5 ne. A Ingila, wadda ɗalibina ke kafa hujja da ita, doka ba ta yarda a wuce kashi 2 ba. Wato abin da na karɓa a hannunsa haramtacce ne a ƙasar da yake cewa ta wanke shi.

Ranka ya daɗe, ga inda nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ingila ta rungumi sigarin lantarki ne saboda tarihin da take ɗauke da shi. A 1974 kusan rabin manyanta na shan taba. Miliyoyin mutane ne ke cikin gidan da ke ci da wuta, don haka ko tagar da ke da ƙaya a ƙasanta mafita ce. Mu fa? Binciken shan taba tsakanin manya da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kusan mutum huɗu cikin ɗari ne ke shan ta hayaƙi, maza kimanin bakwai cikin ɗari, mata kuwa ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Ko an sami canji tun daga lokacin, hoton bai juye ba: mafi yawanmu nesa ba mashaya ba ne, kuma fiye da rabin jama'armu matasa ne da yara. Ɗan kasuwar da ya sauke kwantena ta bef mai ɗanɗanon kankana da cingam a Apapa ba direbobi masu shekara hamsin yake nema ba. Ba su da yawan da za su mayar masa da kuɗinsa, kuma yayana ba ya neman ɗanɗanon alawa. Ga yawancin waɗanda abin zai kai hannunsu a nan, kwatancin ba tsakanin bef da sigari yake ba. Tsakanin bef ne da huhun da bai taɓa shan komai ba sai ƙurar hunturu.

Akwai kuma wani abu da alƙaluma ba sa kamawa, wanda duk Bahaushe ya sani. Abin da ya tsare yaranmu daga sigari ba doka ba ce, wari ne. Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun sha lofe, kakanninmu mata sun rina haƙora da fure da goro, Zariya ta daɗe da masana'antar sigari. Amma har gobe saurayi ba ya kunna kara a gaban mahaifinsa ko malaminsa, kuma idan ya sha a ɓoye sai ya bi da goro da minti da turare, uwa kuma ta gane tun daga zaure. Baƙin leɓe kan hana mutum aure a wasu gidajen. Ga 'ya mace kuwa abin ya fi ƙarfin a faɗa. Wannan kunya, duk da munafuncin da ke cikinta wani lokaci, ta ceci huhu miliyoyi ba tare da gwamnati ta kashe ko kwabo ba. Shisha ce ta fara huda katangar, ta shigo da ƙamshi da ado ta zauna a wuraren biki da shaƙatawa. Amma shisha tukunya ce, tana son gawayi da wuri da abokai. Bef yana shiga aljihun wando, yana shiga jakar hannu ƙarƙashin hijabi, a zuƙa a banɗaki ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ƙamshin ya bi na humra da turaren wuta ya ɓace. Mai gadin da muka dogara da shi shekara da shekaru hancin uwa ne, kuma an sami hanyar wuce shi.

Dubi kuma yadda masu abin ke yi a gidajensu. Kusan duk waɗannan na'urori a birnin Shenzhen ake ƙera su, amma tun Oktoban 2022 ƙasar Sin ta hana sayar da masu ɗanɗanon kayan marmari a cikin gida, ta bar ƙofar fitarwa waje a buɗe. Ingila da kanta ta haramta irin na zuƙa-ka-yar daga 1 ga Yunin 2025. Indiya ta hana gaba ɗaya tun 2019, Ostireliya ta mayar da sayarwa kantin magani kaɗai. Kayan da aka rufe wa ƙofa a can ba komawa masana'anta za su yi ba, inda babu mai tambaya za su nufa. Kuma kada a ruɗe mu da cewa wannan yaƙi ne tsakanin sabon abu da tsoffin kamfanonin taba. A 2018 kamfanin Altria, mai Marlboro a Amurka, ya sayi kashi 35 na Juul a kan dala biliyan 12.8, British American Tobacco kuma na da nasa mai suna Vuse. Ba cinya ba, ƙafar baya.

Dokarmu ta taƙaita shan taba ta 2015, da ƙa'idojinta na 2019, da ganyen taba a rai aka rubuta su. Mai kantin da ke sayar wa ɗan 16 bef zai iya kallon jami'i ya ce babu ganye a ciki. Abin da nake roƙo na farko a toshe wannan kafa a fili: duk abin da ke ɗauke da nikotin ya shiga dokar, a hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, a hana talla, musamman ta hannun masu tashe a TikTok da Instagram, inda yaran suke. A sa iyakar nikotin, a kore ɗanɗanon alawa da kayan marmari da irin na zuƙa-ka-yar, a ba NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya aikin buɗe abin su ga me ke ciki. Ban ce a haramta gaba ɗaya ba, ko da yake na san abokan aikina da yawa haka suke so. Dalilina biyu ne. Iyakokinmu ka san su, haramci zai mayar da cinikin hannun 'yan fasa-ƙwauri ne kawai. Na biyu, ba zan iya kallon yayana in ce masa an hana shi abin da ya fi sauƙi an bar masa wanda ke kashe shi a kowane teburin mai tireda ba.

Domin kuwa a nan ne abin kunyar yake. Dokar 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, sai kwali. Ka aiki yaro ɗan shekara goma da canji a kowace unguwa a Kano ko Bauchi ko Abuja ka gani ko zai dawo hannu wofi. Idan aka tsananta wa bef aka bar wannan, an gudu daga gara ne an koma wa zago, kuma yaron da ya riga ya kamu da nikotin zai gangara ga mafi arha, mafi muni. Sannan mashayin da ke son dainawa, ina zai je? Cingam da filastar nikotin na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, amma yayana bai taɓa jin sunansu ba sai a bakina. A asibitocin matakin farko, waɗanda ka fi kowa sanin halinsu, ya kamata a ce ana tambayar duk mai tari ko hawan jini ko yana shan taba, a kuma sami abin ba shi ban da "ka daina".

Mun ga yadda jinkiri ya yi mana da kodin. Shekaru iyaye da malamai na kuka, kwalabe na cika kwatoci, ba a hana ba sai a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton BBC ya nuna wa duniya. A lokacin an riga an yi asarar yara masu yawa. Kai kuma ka taɓa nuna cewa akwai wata hanya. Lokacin da kake jagorantar hukumar lafiya matakin farko, da rigakafin shan inna ya cije a Arewa, wajen sarakuna da malamai ka nufa, aka yi wa mutane magana da harshen da suke ji. Wannan ma haka take so. Hakimi da limami da uwargida su san kamannin abin, su san cewa ƙamshin mangwaro a ɗakin samari ba lallai mangwaro ba ne. Amma a faɗa musu gaskiyar duka biyun, domin yaran nan suna da waya a hannu, kuma ranar da suka kama mu da ƙari a magana ɗaya, sun daina sauraren sauran.

Yayana na ce masa ya fara zuwa asibiti a duba ƙirjinsa, ya gwada cingam ɗin, idan ya gagara kuma ya zaɓi lantarkin, to ya bar kwalin ranar, ba rabi da rabi ba. Ya yi dariya ya ce zai duba bayan salla. Ɗalibina kuwa na kira mahaifinsa. Dattijon ya juya abin a hannunsa ya fi minti guda, ya shinshina, ya tambaye ni ta ina ake kunna shi. Ya ce ya sha ganinsa a kan katifar yaron, ya ɗauka na cajin waya ne. Bai yarda ya tafi da shi gida ba, shi ya sa yake wurina har yanzu, kuma idan wani daga ma'aikatarka na son ganin irin abin da ake sayar wa 'yan aji biyu, zan aiko da shi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin sakandare,
Kano.